Ti Belmiro Ya Ƙi Sakin Kogi

A Sobreval kowa ya san ba mu da tafki. Kogi muke da shi, Merva, wanda da rani ko kare zai tsallaka shi cikinsa bai jiƙe ba. Tafkin nan da baƙi ke rububin ɗauka a hoto aikin Ti Belmiro ne, wato Kawu Belmiro a bakinmu. Duk shekara in Yuni ya kama, sai ya buɗe ɗakin ajiyar ƙaramar hukuma da ke gindin gada, ya fito da falankai masu kauri, ya zura su ɗaya kan ɗaya cikin tsagar ginshiƙan madatsa, ya toshe kafofi da laka da gansakuka. Kafin ka ankara ruwa ya taru ya kwanta, kore shar, har gindin itatuwa. Sai Agusta ya zo da 'yan garin da ke neman abinci a Faransa da Jamus, motoci cike da yara masu yaren da kakanninsu ba sa ji, a yi wata guda ana iyo, ana gasa kifi, ana kiɗa. In sun tafi, kafin Satumba ya ƙare, Belmiro ya ɗauki ƙugiyarsa ya zare falankan daga sama zuwa ƙasa, ya saki kogin ya kama gabansa. Dole ne a sake shi kafin ruwan kaka ya sauko daga duwatsu, don Merva na kaka ba ya wasa da kowa.

Bana Satumba ya wuce, Oktoba ya kama, falankai na nan daram.

Belmiro ya daɗe da yin ritaya daga aikin hukuma, amma ba wanda ya taɓa karɓar ƙugiyar daga hannunsa, tunda ba mai sha'awar shiga ruwan sanyi har ƙugu. Ya haura saba'in, matarsa ta rasu, kuma 'ya ɗaya gare shi, Noemia, wadda ke aikin jinya a Liyon, tana auren wani Bafaranshe mai suna Gaetan. A bana ne karo na farko da ba ta zo hutun Agusta ba. Sai dai ta buga waya ta ce, "Baba, za mu zo a Oktoba, ni da Gaetan, ba yara. Akwai maganar da muke so mu yi da kai a zaune."

Daga wannan 'yar maganar Belmiro ya gina gari guda a cikin kansa. Me zai kawo mutum Sobreval a Oktoba, ba biki ba jana'iza, in ba dawowa gida yake shirin yi ba? Ai ƙaramin asibitinmu ya daɗe yana neman ma'aikaciyar jinya. Shi kuma Gaetan, ba shi ne bara ya zauna bakin tafki ƙafafu cikin ruwa yana cewa garin nan aljanna ne ba? Murna ta kama Belmiro har abinci ya daina yi masa daɗi. Bayan murnar kuma tsoro ya biyo, don Gaetan bai taɓa ganin Sobreval ba sai a Agusta. Bai san in an zare falankai abin da ke saura ba: taɓo mai wari, duwatsu, tsofaffin takalman roba da yara suka yar, da ɗan siririn ruwa na bin gefe. Ita kanta Noemia tun tana budurwa rabonta da ganin garin a haka. Belmiro ya ƙudurta a ransa cewa sai sun zo sun ga tafki cike, sun yanke shawarar zama, sannan zai saki kogi.

Daga ranar zama ya gagare shi. Da sassafe yana bakin ruwa da doguwar gora mai raga a kai, yana kwashe ganyen da ya zuba, don itatuwa ba su san da shirinsa ba, kakarsu kawai suke yi. Ya kwashe nan, kafin ya kai can wani ya zubo. In ya gaji da wannan sai ya haura layin coci da tarin makullan gidajen 'yan garin da ke Faransa, waɗanda suke bar masa don ya riƙa buɗe gidajen su sha iska, ya bubbuɗe tagogi duka, wai layin ya yi kama da mai mutane. Ya dawo gida ya ɗora miya, ya manta da ita a wuta, ya fita tsakar gida ya ɗaga kai yana duban duwatsun arewa. Ya shiga, ya sake fitowa ya duba.

Idalina mai shagon gahawa ce ya fara matsa wa. Ta soma naɗe laimomin da ke rufe teburan waje, sai ga shi.

"Haba Idalina, saurin me kike? Bar su mana su ɗan ƙara kwana."

"Wa zai zauna a ƙarƙashinsu, Ti Belmiro? Kwastomomina huɗu ne, uku na ciwon gwiwa, ɗaya kai ne, kai kuma ba ka zama."

Duk da haka ta bar biyu a buɗe, don tausayi. Ai duk garin an gane inda ya dosa, ba wanda dai ya faɗa masa a fuska.

In ka cire Dona Ermelinda. Lambunta ne ke kwance a fadamar da ke sama da madatsa, inda ruwa ke fara taɓawa in ya tashi. Kabejin da take tanadi don Kirsimeti na can, da akurkin kajinta, da ɗan ɗakin da take zuba dankali. Makarantarsu ɗaya da Belmiro suna yara, kuma tun a lokacin bakinta ba shi da birki. Ta same shi yana fama da raga, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu.

"Belmiro, kifi kake kamawa ko ganye?"

"Ina kwana, Ermelinda."

"Ban kwana ba. Yaushe za ka cire katakan nan?"

"Ƙarshen mako."

"Wane makon? Wancan ma haka ka ce. Kai ne ka koya wa rabin garin nan cewa ba a kai Oktoba da madatsa a rufe, yau kuma kai ne kake shara a kan ruwa kamar mai jiran bishop."

"Sararin sama garau yake, ki duba da idonki."

"Gwiwata ta fi idonka gani. Ka ji ni da kyau, tsohon banza: in kazata ɗaya ta jiƙe, a gadonka za ta kwana."

Ta juya ta tafi, sai kuma ta waiwayo, muryarta ta ɗan sauka. "Yarinyar nan a nan aka haife ta, Belmiro. Ta san taɓo."

"Mijinta bai sani ba," in ji shi, ya ci gaba da jan raga.

Noemia ta sake bugowa ta ce hutun Gaetan ya ɗan ja baya, sai wajen tsakiyar wata. Belmiro ya ce ba komai, ba komai, gari lafiya, rana kamar ta Agusta. Da ya ajiye wayar sai da ya zagaya teburin kicin ya fi a ƙirga.

Ranar kasuwa motar ƙauyukan kan dutse ta sauko da masu cuku da zuma, kuma labari ɗaya ne a bakinsu: iska ta juya, tumaki sun ƙi hawa sama. A ranar ne Custodio, shugaban ƙaramar hukuma, ya tare shi a bakin gada. A shekaru Belmiro ya isa ya haifi Custodio, a tafkin nan ma ya koyi iyo, shi ya sa maganar ta yi masa nauyi.

"Ti Belmiro, Dona Ermelinda ta zo ofishina sau biyu. Na biyun har da sanda."

"Ranka ya daɗe, ka san halinta."

"Na sani, amma wannan karon tana da gaskiya. An ce ruwa na tafe. In aikin ya yi maka yawa ne, in turo ma'aikata da tarakta gobe."

Wannan ta soki Belmiro. "Yawa? Ina zura falankan nan tun kana tsoron sa ƙafa a ruwa! Ma'aikatanka za su fizge su gaba ɗaya su karya mini tsaga. Ka ba ni zuwa Litinin."

Noemia ranar Lahadi za ta iso. Custodio ya san haka, kamar yadda kowa ya sani. Ya shafa ƙeya, ya dubi tafkin da ke kwance luf da inuwar gada a cikinsa, ya ce, "Litinin ɗin dai, Ti Belmiro." A ganina nan shi ma ya ɗauki nasa kason na laifin, amma wa zai iya duban tsohon nan a ranar ya ce masa a'a?

Ruwan bai jira Litinin ba. Ranar Juma'a da hantsi aka fara yayyafi a gari, ɗan kaɗan, irin wanda ko laima ba a buɗe wa. Belmiro na tsaye a kan madatsa yana gaya wa kansa cewa wannan ba komai ba ne. Amma duwatsun arewa sun ɓace gaba ɗaya cikin baƙin hadari, kuma ya fi kowa sanin cewa ba ruwan da ke zuba a kanka ne ke cika Merva ba, wanda ya zuba a can ne. Ya je gida, ya dawo. Ya ɗauko ƙugiya, ya jingine ta, ya sake ɗauka. In ya zare na sama biyu kawai, tafkin zai ragu amma ba zai tafi ba. Sai dai gefen zai fito da baƙin taɓo kamar wuyan riga mai datti. Ya ce bari ya ɗan ƙara gani.

Da azahar wani makiyayi daga ƙauyen sama ya buga wa Idalina waya ya ce ƙaramar gadarsu ta nutse. Ta fito da gudu da rigar aiki a jikinta tana ƙwala masa kira. Kafin ta iso ya riga ya gani: koren ruwan ya soma komawa ja, ga rassa da ganye na tahowa a kai.

Ya sa ƙugiya ya zare falankin farko, ya fito salin alin. Na biyu sai da ya yi da gaske. Na uku ya ƙi motsi. Katako ne da ya sha ruwa tun Yuni ya kumbura, ga kuma kogi ya danne shi da ƙarfinsa duka a cikin tsaga. Aikin da ake yi a hankali, ana zare ɗaya a jira ruwa ya sauka kafin a taɓa na gaba, shi Belmiro ke son gamawa yanzu-yanzu. Ya ja, ya zagi falankin, ya zagi uban falankin. Wani kututture ya taho ya gicciye a bakin madatsa, rassa suka taru a bayansa, ruwa ya rasa hanya ya fara komawa baya, ya haye fadama.

Daga inda yake yana jiyo muryar Ermelinda. Ba zagi take yi ba, kajinta take kira da sunayensu, kuma wannan ya fi zagin ciwo. Ya taka kan ginshiƙi don ya sami wurin ja da kyau, ƙafarsa ta zame a kan gansakuka, ya faɗa ta bayan madatsa, kafaɗarsa ta bugi dutse. Allah ya sa ma'aikatan Custodio sun iso da tarakta a daidai lokacin. Da igiya suka jawo shi kamar buhu, sannan suka ɗaura sarƙa suka fizge falankan, biyu suka karye, bakin tsaga ɗaya ya ɓalle. Kogi ya wuce da ruri, ya tafi da tafkin gaba ɗaya.

Ba a yi asarar rai ba, in ba ka ƙirga kaji ba, ita kuwa Ermelinda tana ƙirgawa. Kabejinta ya kwanta ƙarƙashin laka, dankalin ya jiƙe. A asibiti aka ɗaure wa Belmiro hannun hagu aka rataye masa a wuya. Custodio ya zo duba shi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce makullin ɗakin ajiya zai zauna a ofis tukuna. Belmiro ya ciro shi daga aljihu ya miƙa. Kunya ce ta cika shi, irin wadda ke hana mutum haɗa ido ko da kare.

Ranar Lahadi ko coci bai je ba. Ya ɗauki shebur da hannu ɗaya ya gangara lambun Ermelinda, ya fara kwashe laka daga bakin ɗakin dankali. Tana tsaye tana kallonsa.

"Da hannu ɗaya za ka gyara abin da ka ɓata da biyu?"

"Da shi nake da shi."

"To ka zuba ta can, ba kan albasata ba, makaho."

Suna cikin haka mota mai lambar Faransa ta tsaya a kan gada. Belmiro ya ji ƙarar ƙofa, ya ɗaga kai. Ga Gaetan ya dafa ƙarfen gada yana duban inda ya saba ganin tafki. Babu komai sai taɓo da karyayyun rassa da jan ruwa na gudu a tsakiya. Noemia ko kallon wurin ba ta yi ba. Ta gangaro da sauri, takalmanta na nutsewa, ta rungume shi ta gefen hannun mai lafiya tana kuka.

"Baba! Dubi yadda ka koma. Custodio ya kira ni jiya, ya ce da igiya aka ciro ka."

"Custodio ya cika surutu. Ƙwarzane ne kawai." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Kun zo a mummunan lokaci. Da kun ga wurin nan shekaranjiya..."

"Bar zancen wuri, Baba." Ta gaida Dona Ermelinda, ta ba ta haƙuri, sannan ta juyo ta riƙe masa hannu. "Na so sai mun zauna a gida, amma ba zan iya jira ba. Abin da ya hana mu zuwa a Agusta, gida muka canja. Mun sami mai ɗaki ɗaya ƙari, a ƙasa, ba hawa bene. Naka ne. Mun zo mu tafi da kai."

Belmiro ya tsaya da shebur a hannu. Ya ji maganar sarai, amma sai da ta ɗan jima kafin ta sami wurin zama a kansa.

"Ku tafi da ni."

"Duk hanya ina ta tunanin yadda zan shawo kanka. Na san za ka ce lafiyarka ƙalau, kana da aikinka. Amma Baba, kai fa ne. Kai da ko rana ɗaya ba ka taɓa bari Oktoba ya same ka da madatsa a rufe ba. Ina ganin irin wannan kullum a wurin aiki, da ƙananan abubuwa yake farawa. Mun fara biyawa ta gida, na ga tukunya a ƙone, ga tagogin mutane duk a buɗe ruwa ya shiga. Mantuwa ce, Baba, ba laifinka ba ne. Amma ba zan bar ka kai kaɗai da ita ba."

Ermelinda ta buɗe baki. Belmiro ya ga ta ja numfashi, ya san abin da ke tafe: mantuwar me, wannan tsohon da ya yi wata yana share ruwa da raga saboda ke? Kalma ɗaya ce za ta wanke shi. Sai dai ya dubi fuskar 'yarsa, idanu sun kumbura, ta kwana a mota don ta zo ta ɗauki ubanta. In aka gaya mata, za ta san dawowarta gida ya yi ta jira, ta kuma san ba abin da ya kawo ta ke nan ba, ta koma Liyon da wannan a ƙirji har ƙarshen ranta. Ya ga gara a ce kansa ne ya taɓu.

Ya dubi Ermelinda ido cikin ido, ya ce, "E. Na manta ne."

Tun da nake ban taɓa jin an ce Dona Ermelinda ta haɗiye magana ba sai ranar. Ta rufe bakinta, ta sunkuya ta ɗauki wani kabeji da ya riga ya lalace, ta yi ta goge masa laka da gefen zanenta.

Noemia ta share hawaye, ta karɓi shebur ɗin daga hannunsa ta jingine a bango. "Za ka ji daɗin can, Baba. Yara na ta murna. Kuma kowane Agusta tare za mu zo."

Suka fara haurawa zuwa gada a hankali, tana riƙe da gwiwar hannunsa kamar yadda take riƙe marasa lafiyarta. A tsakiyar hanya ya tsaya.

"Akwai kogi a can?"

"Har biyu, Baba. Manya-manya."

"Wa ke tare su?"

Ta yi 'yar dariya cikin hawaye. "Ba a tare su. Wucewa kawai suke yi."

Ya gyaɗa kai. Gaetan ya riga ya buɗe masa ƙofar gaba, yana ta murmushi yana gaishe shi da 'yan kalmomin da ya iya. Belmiro ya dubi takalmansa da suka yi kaca-kaca da laka, ya tsaya yana kankare su a bakin titi, don kada ya ɓata wa mutane mota.